Yadda Dagi Ya Tashi Daga Jikin Riga Ya Zama Tambarin Arewa

Tutar Najeriya tana da mai ita. A 1959 aka yi gasa, wani ɗalibi da ke karatu a Landan, Taiwo Akinkunmi, ya aiko da zanensa, alƙalai suka cire jar ranar da ya sa a tsakiya suka bar kore da fari. Dagin Arewa kuwa gwamnati ta tarar da shi ne a hannun maɗinka da magina da dukawa, ya riga ya kwana biyu a duniya, ta ɗauka.

Wanda ke son ganin inda dagi ya yi wayo, to ya duba babbar riga. Aikinta ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai mai zane, galibi malami ko gardi wanda hannunsa ya saba da alƙalami da tawada. Shi zai shimfiɗa ƙyalle ya fitar da aska biyu ko aska takwas, ya zagaya tambari, ya cusa dagi inda ya ga fili. Daga nan maɗinki ya bi sawunsa da allura da zaren tsamiya, wata da watanni. Dagi yana da ƙa'ida guda wadda ba a karya ta: layi in ya hau kan ɗan'uwansa a wannan mahaɗa, dole ya nutse ƙarƙashinsa a ta gaba, haka har ya komo inda ya faro. Mai zane yakan fara ɗiga ɗigo-ɗigo ne don ya san inda layukan za su gamu, domin kuskure ɗaya ya isa ya warware ƙullin duka. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya tattara irin waɗannan zane-zane, aka kuma baje su a Landan a 1976.

Magina a Zariya da Kano sun ɗora dagi a fuskar zaure, suna fitar da shi tun yaɓe yana ɗanye. Ba mu kaɗai muke da shi ba ma. Danginsa na nan a daɓen gidajen Rumawa na dā da kuma aikin duwatsun ado na sarakunan Yarbawa.

Turawa su suka fara neman wa ƙasar nan alama. Da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, sai ya sa tauraro mai tsini shida, wanda ake kira hatimin Sulaimanu, ya ce a jikin wani kayan tagulla da aka kwaso daga Kwantagora ya gan shi. Duk wanda ya taɓa riƙe kwabo mai huji ya san shi. Da siyasa ta kankama, kowace jam'iyya ta nemi abin da talakan da bai yi boko ba zai gane a akwatin zaɓe: NPC ta ɗauki fartanya, NEPU ta ɗauki tauraro.

Amma jiha sukutum tana bukatar abin da ya fi na jam'iyya faɗi. Arewar da ta samu mulkin kai ranar 15 ga Maris 1959 ta haɗa Bahaushe da Babarbare, Banufe da Tibi, Bayaraben Ilori da mutanen tsaunukan Jos. A nan ne nake ganin gwamnatin Sardauna ta yi dabara. Dagi ba shi da rubutu, ba jinjirin wata ba ne, ba gicciye ba ne, ba kuma na wata masarauta ba ne ita kaɗai. Ga shi ba ya zaɓen wuri: ya zauna a takardar ofis, ya zauna a ƙofar ƙarfe, ya zauna a hula. An ce saƙar layukansa haɗin kai take nufi. To, ba laifi, ko da yake maɗinkin da ya fara ƙulla shi kyau yake nema da kuɗin aikinsa.

An kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966 a gidansa da ke Titin Rabah a Kaduna, tafiyar 'yan mintoci a mota daga Unguwar Kanawa. A watan Mayun 1967 Gowon ya raba jihar gida shida. Gwamnatin da ta ɗauki dagi ta shuɗe, dagi ya zauna. Gidan Sardauna ya koma Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da aka kafa a 1970, kuma da dattawa suka kafa ƙungiyar ACF a 2000, dagi suka sake ɗaukowa.

Yau a Unguwar Kanawa masu walda ne ke lanƙwasa shi a jikin get, masu fenti su sa shi a allon shago, 'yan Keke su manna shi a baya. Matasan da ke haɗa katin biki da kwamfuta kuwa daga intanet suke ciro shi, su ja shi su miƙe yadda ya dace da fili. Matsa kusa da irin waɗannan katuna ka bi layi ɗaya da yatsa. Sau da yawa za ka tarar ya hau sau biyu a jere bai nutse ba, aikin da mai zanen riga zai sa yaronsa ya goge ya sake.