Daga Masana'antar Mota Zuwa Shagon Ɗab'i: Tarihin Layi Mai Lanƙwasa a Kwamfuta

Duk wanda ya zauna koyon zane a CorelDRAW ko Illustrator ko Photoshop ba ya manta ranar da ya fara karo da alƙalamin zana siffofi. Ya danna linzamin kwamfuta, ɗigo ya bayyana. Ya ja, sai ga hannaye biyu sun fito daga ɗigon, ɗaya gaba ɗaya baya, layin kuma ya karkata inda ba a aike shi ba. Abin da ke ɗaure wa ɗan koyo kai shi ne ƙarshen hannun da yake ja ba ya kan layin, amma shi ke juya layin kamar akalar raƙumi. Asalin wannan dabara yana masana'antun motoci biyu na Faransa, inda aka ƙirƙiro ta fiye da shekara 60 da suka wuce domin a sarrafa ƙarfe.

Tun kafin a san kwamfuta, fitar da layi mai lanƙwasa sana'a ce mai zaman kanta. Maƙeran jiragen ruwa a Turai suna da wani makeken ɗaki mai daɓen katako, inda ake zana jikin jirgi da ainihin girmansa. Mai zanen yakan ɗauko siririn katako mai tsawo da laushi, ya tanƙwara shi a ƙasa, ya danne shi nan da can da dunƙulen darma masu ƙugiya. In ya matsar da dunƙule ɗaya, katakon duka ya sake zama. Sai ya tsuguna, ya kwantar da kai, ya hango layin daga wannan ƙarshe zuwa wancan da ido ɗaya, yana neman inda ya yi ƙusumbi ko ya lotsa. In ya gamsu, ya bi gefen katakon ya shata layin. Daga wannan zane kafintoci suke yanka ma'aunan da za a gina jirgin a kansu.

Masu ƙera jiragen sama sun gaji wannan hanya, sannan suka fara sauya ta. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Roy Liming na kamfanin North American Aviation, wanda ya yi aiki a kan jirgin yaƙin nan Mustang, ya riƙa mayar da layukan jirgi zuwa jadawalin lambobi. Lamba ba ta motsewa ba ta kumbura, kuma ana iya aika ta wata masana'anta a takarda ɗaya.

A masana'antar mota kuwa, har ƙarshen shekarun 1950 hannu ne ke mulki. Ana sassaƙa siffar motar da yumɓu, a auna, a zana, a yi babban samfuri da katako ko filasta, daga shi a fitar da mazubin ƙarfen da zai buga ƙofa da murfi da rufi. Kowane mataki yana ƙara ɗan kuskurensa, aikin kuma yana cin watanni. A 1952 jami'ar MIT ta Amurka ta nuna na'urar da ke sassaƙa ƙarfe bisa umarnin lambobi. Na'ura ta samu, saura harshen da za a yi mata magana da shi. Miƙaƙƙen layi da da'ira suna da sauƙin faɗi da lamba, amma ta yaya za a gaya wa na'ura siffar kafaɗar mota, wadda ba da'ira ba ce, ba kuma miƙaƙƙiya ba?

Wanda ya fara amsa tambayar wani matashin masanin lissafi ne, Paul de Casteljau, haifaffen garin Besançon a 1930. Ya shiga kamfanin Citroën a 1958, zuwa 1959 ya samo hanyarsa. Maimakon ya tara ɗaruruwan ɗigogi a kan layin, sai ya kafa 'yan ɗigogi kaɗan a gefensa, su ne za su ja shi.

Ana iya gwada hanyar da takarda da rula. A sa ɗigo huɗu, a haɗa su da miƙaƙƙun layuka uku. A nemo tsakiyar kowane layi, an sami sababbin ɗigogi uku. A haɗa su da layi biyu, a nemo tsakiyar kowanne, an sami ɗigo biyu. A haɗa waɗannan, a nemo tsakiya: wannan ɗigo na ƙarshe yana kan layin mai lanƙwasa daidai. In aka maimaita aikin da rubu'i maimakon rabi, a sami wani ɗigon a kan layin, haka nan har siffar ta fito. Ɗigo na farko da na huɗu su ne bakin layin. Biyun tsakiya su ne ƙarshen hannayen nan da ɗan koyo yake kokawa da su yau. A kan shimfiɗaɗɗiyar takarda, lamba takwas kacal ta isa ta riƙe lanƙwasar gaba ɗaya.

Citroën ya ɗauki wannan a matsayin sirrin kasuwanci. Rahotannin da de Casteljau ya rubuta a 1959 da 1963 suka zauna a cikin kamfanin, ba a bar shi ya wallafa su ba.

A kamfanin Renault kuma akwai Pierre Bézier, injiniyan da aka haifa a Paris a 1910, wanda ya fara aiki a can tun 1933 yana ƙera kayan aiki. Shi ya tsara manyan na'urorin da suka yi aikin injin ƙaramar motar nan 4CV bayan yaƙi, saboda haka ya san masana'anta ciki da bai. A farkon shekarun 1960 ya kama wannan matsala, ya iso ga irin wannan layi ta tasa hanyar, ba tare da ya ga aikin de Casteljau ba. Damuwarsa ita ce masu zanen kamfanin, mutanen da suka ƙware da ido da hannu amma ba su yi zurfi a lissafi ba. Yana son su matsar da ɗigo su ga siffa ta sauya, lissafin kuma ya tsaya a cikin na'ura. Tsarin da ya gina, UNISURF, an fara gwada shi wajen 1968. Renault ya bar shi ya yi rubutu ya kuma yi jawabi a taruka, shi ya sa duniya ta san layin da sunansa.

A 1972 Robin Forrest na Birtaniya ya nuna cewa layin Bézier yana tsaye ne a kan wani lissafi da Sergei Bernstein ya wallafa tun 1912, don wata buƙata da ba ta da alaƙa da mota. A 1975 masanin Jamus Wolfgang Boehm ya samo kwafin rahotannin Citroën, aka gane wanda ya riga. Sunan Bézier ya riga ya zauna a kan layin, sai aka sa wa hanyar tsakiya-tsakiyar nan sunan de Casteljau. A 2012 aka ba de Casteljau lambar yabo mai ɗauke da sunan Bézier, shekara goma kafin rasuwarsa a 2022.

Hanyar da layin ya bi ya fita daga masana'anta ta ratsa Amurka. A 1963 Ivan Sutherland ya gabatar da Sketchpad a MIT, manhajar da mutum ke zana siffa a fuskar kwamfuta da alƙalamin haske, ya kama kusurwa ya ja, siffar ta bi shi. Daga baya Sutherland ya koma koyarwa a Jami'ar Utah, inda John Warnock ya kammala digirinsa na uku a 1969. Warnock da Charles Geschke sun yi aiki tare a cibiyar bincike ta Xerox, suka bar ta, suka kafa Adobe a Disambar 1982. Abin da suka fara sayarwa shi ne PostScript, harshen da ke bayyana wa firinta shafi. A cikinsa harafi ba tarin ɗigogin tawada ba ne. Iyakarsa ake bayyanawa da layukan Bézier, na'ura ta cike cikin. Saboda haka shafi ɗaya yana fita a LaserWriter ta Apple, wadda ta shigo kasuwa a 1985 da ɗigo 300 a kowane inci, ya kuma fita a babbar na'urar Linotronic da ɗigo 2,540, ba tare da an sake zana komai ba.

Matar Warnock, Marva, mai zane ce, ita ta zana tambarin Adobe na farko. Ya ga yadda masu sana'arta suke fama da alƙalamin tawada da ma'aunan roba masu lanƙwasa, inda ɗigon tawada ɗaya kan ɓata aikin yini. A 1987 Adobe ya fitar da Illustrator don kwamfutar Macintosh, da alƙalamin nan mai hannaye. Kamfanin ya san abin baƙo ne, don haka ya sa kaset ɗin bidiyo a cikin kwalin manhajar, inda Warnock da kansa yake nuna yadda ake sa ɗigo a ja hannu. Masu koyon wancan lokaci sun sha wuya fiye da na yanzu: suna aiki ne da ƙwarangwal ɗin layuka kawai, sai sun sauya fuska su ga yadda zanen zai fito, su dawo su gyara. A Macintosh sai a 1993 aka sami damar gyara zane ana kallon kamanninsa na ƙarshe.

Daga nan gasa ta buɗe. FreeHand ya fito a 1988. A Janairun 1989 kamfanin Corel na birnin Ottawa a Kanada ya fitar da CorelDRAW don kwamfutocin Windows, waɗanda suka fi araha, abin da ya taimaka masa ya bazu a ƙananan shagunan ɗab'i. Photoshop, wanda 'yan'uwa Thomas da John Knoll suka rubuta, ya fito a 1990 a matsayin manhajar gyara hoto ɗigo-ɗigo. A 1991 aka sa masa alƙalamin, musamman don yanke mutum ko kaya daga bayan hoto da kaifin gefe, sai a fitowa ta shida a 2000 ya sami siffofin layuka na sosai, waɗanda ake ja a sake su ba tare da sun dusashe ba. A 2001 aka amince da tsarin SVG na zanen layuka don intanet, a 2003 kuma manhajar zane ta Inkscape ta bayyana kyauta ga kowa.

Duk da waɗannan sauye-sauye, darasin da ake koya wa ɗan koyo bai motsa ba, kuma masu zana haruffa ne suka fi tace shi. Ɗigo kaɗan ya fi ɗigo da yawa, domin kowane ƙarin ɗigo wuri ne da layi zai iya yin ƙusumbi. Ana sa ɗigon a inda lanƙwasa ta kai maƙura, can sama ko can ƙasa, can dama ko can hagu, a bar hannayen a tsaye ko a kwance. Inda ake son layi ya wuce sumul, hannaye biyun su miƙe a layi ɗaya. Inda ake son kusurwa, a raba su kowanne ya kama gabansa. Da'irar da manhaja ke zanawa ma gutsure huɗu ne, kowane hannu yana da tsawon kimanin kashi 55 cikin 100 na nisan tsakiya zuwa gefe. A lissafi ba cikakkiyar da'ira ba ce, amma kuskuren bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba. Sanin ƙa'idojin nan ba ya hana mai zane yin abin da maƙerin jirgi yake yi: ya ja baya, ya hango layin, ya dawo ya matsar da ɗigo ɗaya kaɗan.

A shagunan ɗab'i na Kano da Kaduna da sauran biranen Najeriya, CorelDRAW ne ya fi zama a kan tebur. Da shi ake tsara katin ɗaurin aure, da kalanda, da tambarin makaranta, da banar siyasa mai rufe gaban bene. Tambari ɗaya yana hawa kan hatimi, gobe ya hau allon talla, gefensa bai farfashe ba. Kafin a kai aiki wajen babbar na'ura, mai zane yakan zaɓi rubutun ya danna Ctrl da Q, haruffan su koma layuka, don kada su sauya kama a kwamfutar da ba ta da irin samfurinsu.

Wannan umarni yana da wani amfani ga mai rubuta Hausa. Samfuran haruffa da yawa, musamman na ado, ba su da ƙ da ɗ da ɓ, shi ya sa ake ganin allunan da aka bar haruffan ba ƙugiya, ko aka maƙala musu waƙafi a sama. Wanda ya iya alƙalamin yana da mafita. Ya mayar da k zuwa layuka, ya ƙara ɗigo uku ko huɗu a saman sandarta, ya ja hannayen har ƙugiyar ta karkata dama, ya daidaita kaurinta da na sandar, ya ajiye harafin domin aiki na gaba.