Wankin ƙafa da gyaran farce a salun: me ake saya da kuɗin?

Ana saura sati biyu bikin ƙanwata ta turo min jerin kuɗin gyaran jiki, wai in duba mata inda za a rage. Dilka da halawa da lalle duk na wuce su ban ce komai ba. Da na iso kan wankin ƙafa da gyaran farce sai na tsaya, don kuɗin ya kusa kamo na lallen gaba ɗaya. Na tambaye ta me za a yi mata a can da ba za ta iya yi a gida da baho da dutsen goge kaushi ba. Ta ce, "Yaya, ke ce mai karatun kimiyya, ke za ki gaya min." Ta ƙure ni kam. Da na bi tarihin sana'ar sai na ga ashe abu uku ne ake biya wa kuɗi a dunƙule: hannun da zai yi aikin, fentin da za a shafa, da tsaftar kayan aiki. Kowanne da zamanin da ya shigo, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce.

Hannun shi ne mafi tsufa. A Saƙƙara da ke Masar akwai wani kabari da aka gano a 1964, na mutum biyu, Niankhkhnum da Khnumhotep, waɗanda suka rayu kusan shekara 4,400 da suka wuce a zamanin Fir'auna Nyuserre. Muƙaminsu da aka rubuta a bango shi ne shugabannin masu gyaran farce na fada. Ku duba fa, yankan farce ya kai mutum ga samun kabari irin na manya. A ƙasar Sin kuma, har zuwa ƙarshen daular Qing, matan fada irin su sarauniya Cixi kan tara farata zaƙo-zaƙo su sa musu kube na zinariya, don kowa ya san hannun nan ba ya wanke-wanke. Babu maganar lafiya a nan ko kaɗan. Abin da ake nunawa shi ne kana da wanda zai durƙusa a gaban ƙafarka. Mai yankan farcen da ke zagaya kasuwanninmu yana kaɗa almakashi, wannan aikin dai yake sayarwa, sai dai shi a kan kuɗi kaɗan.

Kafin mu shiga fenti, sai mun san abin da ake shafa wa. Farcen da muke gani mataccen abu ne, sinadarin keratin ne da ya taru ya taurare, irin wanda ke cikin gashi da ƙahon saniya. Inda yake da rai shi ne saiwarsa, can ƙarƙashin fata a gindin farcen, kuma daga jini take samun abinci da iska. Farcen hannu kan tsiro kamar milimita 3 zuwa 3.5 a wata, na ƙafa bai fi rabin haka ba, shi ya sa idan farcen babban yatsan ƙafa ya cire sai a yi shekara ko shekara da rabi kafin ya dawo. Ke nan duk man da aka ce yana ciyar da farce, a kan gawa ake shafa shi. Zai iya hana shi bushewa da karyewa, wannan gaskiya ne, amma man kaɗe ma zai yi hakan. Haka maganar nan ta cewa a bar farce ya sha iska: farce ba ya numfashi. Abin da ke hutawa idan an daina shafa jan farce shi ne an daina kankare shi da jiƙa shi da sinadarin gogewa.

Akwai kuma siririyar fatar nan da ke manne a gindin farce. Aikinta ta toshe ƙofar da ke tsakanin farce da fata kada ruwa da ƙwayoyin cuta su kai ga saiwa. Abin dariya, masana'antar gyaran farce ta zamani a kan kawar da ita ta fara. A 1911 wani Ba'amurke mai suna Northam Warren ya fito da wani ruwa da ke narkar da wannan fata, ya sa masa suna Cutex, tallace-tallacen kamfanin kuma suka koya wa mata cewa barinta ƙazanta ce. Yau sama da shekara ɗari ke nan, har yanzu yanke ta na cikin abin da ake biya a salun, likitocin fata kuma har yanzu cewa suke a bar ta. Wanda ya taɓa yin kumburin gefen farce mai ruwa ya san inda ƙofar ta buɗe.

Shi jan farce kuwa, ɗan'uwan fentin mota ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Idan aka jiƙa auduga da ruwan asid na naitirik ana samun naitiroselulos, wanda tun 1846 aka san shi a matsayin abin fashewa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kamfanonin sinadarai suka shiga neman wani amfanin da za a yi da shi. Kamfanin DuPont ya yi fentin Duco da shi, aka fesa wa motocin Oakland na 1924, fentin da a da kan ɗauki makonni kafin ya bushe ya koma bushewa cikin sa'o'i. Dabarar ita ce a narkar da naitiroselulos cikin wani ruwa mai saurin tashi; ruwan ya bi iska, ya bar wata fata mai sheƙi a baya. Ita ce dabarar da ke cikin kwalbar jan farce har gobe, warin nan da ke cika ɗaki kuwa ruwan ne ke tashi. A 1932 Charles Revson da ɗan'uwansa Joseph da Charles Lachman suka kafa Revlon, suka zuba garin launi a ciki yadda zai rufe farce ruf, kala-kala. Daga nan kasuwa ta buɗe.

A nan ne ya bambanta da lalle. Sinadarin da ke cikin ganyen lalle shiga yake ya haɗe da keratin ya rina shi, ba ya yin wata fata a sama, shi ya sa ba ya goguwa sai dai ya tafi da tsiron farcen. Jan farce rufi ne da ke zaune a kai, abin da ya sa mata ke goge shi kafin alwala.

Farcen roba daga ɗakin likitan haƙori ya fito. A shekarun 1950 wani likitan haƙori a Filadelfiya, Fred Slack, ya ji ciwo a farce yana cikin aiki, sai ya ɗebi akirilik ɗin da yake gyaran haƙora da shi ya liƙa. Ya zauna daram, shi ke nan sana'a ta samu. Sai dai sinadarin farko da aka riƙa amfani da shi, MMA, ya jawo koke-koken kumburi da lalacewar farata, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta kai maganar kotu a 1974. Aka koma wani mai suna EMA. Amma MMA ya fi araha nesa ba kusa ba, don haka bai ɓace ba. Yana da wari mai hawa kai, kuma yana da tauri fiye da kima: idan yatsa ya bugi wani abu, maimakon robar ta karye sai ta ɗaye farcen gaskiya daga nama.

Har zuwa wannan lokaci gyaran farce a shago harkar masu hali ce. Abin da ya karya farashin gudun hijira ne. A 1975, bayan faɗuwar Saigon, 'yar wasan fim Tippi Hedren ta ziyarci wani sansanin 'yan gudun hijirar Biyetnam kusa da Sacramento a Kaliforniya. Matan suka yi ta kallon faratanta. Sai ta kawo mai yi mata gyaran farce ta koya wa mata 20 sana'ar, ta kuma taimaka suka sami lasisi. Waɗannan suka koya wa dangi, dangi suka buɗe shaguna, suka sauke farashi har ma'aikaciyar ofis ta iya zuwa duk wata. Yau kusan rabin masu wannan sana'a a Amurka 'yan asalin Biyetnam ne. Labari ne mai daɗi, amma arahar akwai mai biyan ta. A 2015 jaridar New York Times ta buga wani bincike kan shagunan birnin Niyok, ta nuna ma'aikatan da ake biya ƙasa da mafi ƙarancin albashi suna shaƙar tururin sinadarai wuni guda, har gwamnan jihar ya fitar da dokokin gaggawa. Mai zuwa gyara awa ɗaya take yi ta tafi. Mai gyaran ita ce a ciki daga safe har dare.

Yanzu sai na uku, tsafta, wadda ita ce auta a tarihin, kuma ba da son rai ta shigo ba. A shekara ta 2000 wata annoba ta ɓulla a garin Watsonville na Kaliforniya. Mata suka riƙa zuwa asibiti da marurai a ƙwauri waɗanda magungunan da aka saba ba sa yi musu komai. Da jami'an lafiya suka bi sawu sai suka tarar duk shago ɗaya suke zuwa wankin ƙafa. Mutum 110 aka ƙirga. Shagon na da kujerun nan masu baho da injin juya ruwa, guda goma, kuma a ido fes suke. Da aka kwance rariyar da injin ke zuƙo ruwa ta cikinta, sai ga gashi da ɓawon fata cunkus a baya. A duka bahon goma an sami bakteriyar Mycobacterium fortuitum, 'yar dangin mai kawo tarin fuka, wadda ke zaune a ruwan famfo da ƙasa ba ta damun kowa sai ta sami wurin taruwa da ƙofar shiga. Ƙofar kuwa ita ce abin da ya fi ba ni mamaki: matan da suka aske gashin ƙafa da reza kafin su je, don kada su ji kunyar mai gyaran, su suka fi kamuwa. 'Yan ƙananan yankan da ido ba ya gani sun isa. Wasu sun yi watanni suna shan magani, wasu sun tashi da tabo. Bayan wannan ne jihar ta tsaurara dokar wanke bahon.

Abin da ya sa na daɗe a kan Watsonville shi ne, duk abin da mai biya take iya gani a shagon nan lafiya lau yake. Ɓarnar na inda ba a dubawa. Haka almakashi da abin ƙwaƙular gefen farce. Ƙwayar cutar hanta nau'in B na iya yin aƙalla kwana bakwai a kan ƙarfe cikin busasshen jini, cutar kuma ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Goga auduga da sifirit sau ɗaya ba ya wadatarwa, akwatin nan mai shuɗiyar fitila ma wurin ajiya ne kawai. Abin da ke kashe komai shi ne tukunyar turara kayan aiki irin ta asibiti, mai kai zafi digiri 121 na tsawon minti 15 ko fiye. Wannan magana ta shafi salun mai na'urar sanyaya ɗaki, ta shafi mai almakashin bakin kasuwa.

Sabon shigowa shi ne jel, wanda ya bazu daga wajajen 2010, ana busar da shi a ƙarƙashin fitilar UV. A 2023 masu bincike a Jami'ar Kaliforniya ta San Diego sun sa ƙwayoyin halitta a irin wannan fitila na minti 20, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari suka mutu, an kuma ga illa a DNA ɗin sauran. Labarin ya tayar da hankali, amma a faranti aka yi gwajin, ba a kan hannun mutum mai fata ba, kuma minti 20 ya fi abin da ake yi a shago. Matsalar da ta fi tabbata ita ce borin jini. Idan ɗanyen jel da bai gama bushewa ba ya riƙa taɓa fata, jiki kan ƙulla gaba da sinadaran akirilik, gabar kuma ba ta warwarewa. Ga shi danginsu ake cike haƙori da su. Tun 2018 ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan haka, ta kuma nuna yatsa musamman ga kayan da ake saya a yi a gida. To a nan kam, idan har sai an yi jel, biyan ƙwararriya ya fi arahar yi da kai.

Ga inda na tsaya. Kaushi da faso ba sa buƙatar salun. Jiƙa ƙafa, goge ta da dutse a hankali, da shafa mai mai sinadarin yuriya kullum da dare sun fi wankin ƙafa na wata-wata, musamman da hunturu. Kankare kaushi da reza kuwa jihohi da yawa a Amurka sun haramta shi a shaguna, kuma kaushin dawowa yake muddin takalmin bai canza ba. Mai ciwon suga, wanda jijiyoyin ƙafarsa kan mutu har a yanke shi bai ji ba, asibiti ne wurin gyaran ƙafarsa. Fenti ado ne, wadda take so ta biya, amma kada a sayar mata da shi da sunan magani. Hutun da mutum ke samu idan ya miƙe ƙafa wani na yi masa aiki, ba na raina shi. Tun zamanin Fir'auna ake biyan kuɗinsa.

Ƙanwata dai ta je, don amarya ba ta jin lacca. Amma ta tafi da almakashinta da abin goge farcenta sababbi a jaka, ta ce a zuba mata ruwa a baho na roba da aka wanke a gabanta, ta hana a taɓa mata fatar gindin farce, rezar ma ta ce a mayar. Mai shagon ta kalle ta ta ce, "Hajiya, likita ce ke?" Ta ce a'a, yayarta ce ta hana ta sakat. Kuɗin kuwa ko sisi ba a rage mata ba.