Bobby Robson

Sir Robert William Robson, wanda duniya ta fi sani da Bobby Robson (1933–2009), ɗan ƙwallon ƙafa ne kuma mai horarwa ɗan ƙasar Ingila. Ya buga wa ƙasarsa wasa sau 20, ya horar da ita shekara takwas, sannan ya lashe kofuna a Holan da Fotugal da Sifaniya. A zamanin da masu horarwa na Ingila ba su cika fita waje ba, shi ya fita ya koyo, ya kuma koyar.

Tasowarsa

An haife shi ranar 18 ga Fabrairun 1933 a Sacriston, yankin Durham da ke arewa maso gabashin Ingila, ya girma a ƙauyen Langley Park. Mahaifinsa mai haƙar kwal ne. Shi ma yana ɗan shekara 15 ya shiga mahaƙar yana koyon aikin lantarki. Tun yana yaro Newcastle United yake goyon baya.

Zamanin taka leda

Fulham ce ta fara ɗaukarsa a 1950. A 1956 West Bromwich Albion ta saye shi a kan fam 25,000, ya kuma koma Fulham a 1962. Da farko yana buga gaba ne, daga baya aka mayar da shi tsakiya. Ya ci wa Ingila ƙwallo huɗu, yana kuma cikin waɗanda suka buga Kofin Duniya na 1958 a Suwidin. A 1967 ya tafi Kanada, inda Vancouver Royals ta ɗauke shi a matsayin ɗan wasa kuma mai horarwa. Zaman bai yi tsawo ba, ya dawo gida a farkon 1968 ya karɓi Fulham, ita kuma ta sallame shi kafin shekarar ta ƙare.

Ipswich da Ingila

A Ipswich Town, daga 1969 zuwa 1982, ya yi suna. Ƙungiyar ba mai kuɗi ba ce, don haka ya dogara ga renon yara daga tushe. Ya ci Kofin FA a 1978 bayan doke Arsenal da ci ɗaya mai ban haushi, ya kuma ɗauki Kofin UEFA a 1981. Ya kawo 'yan Holan biyu, Arnold Mühren da Frans Thijssen, waɗanda suka cusa wa ƙungiyar salon riƙe ƙwallo a ƙasa maimakon dogon bugu.

Ya karɓi tawagar Ingila a 1982. A Kofin Duniya na Meziko, 1986, Ajantina ta fitar da Ingila da ci 2–1, ciki har da ƙwallon da Maradona ya zura da hannu. A na Italiya, 1990, da kyar Ingila ta sha a hannun Kamaru ta su Roger Milla da ci 3–2, bayan Gary Lineker ya ci fanareti biyu. A wasan kusa da na ƙarshe Jamus ta Yamma ta yi waje da ita a bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Shekarun ƙetare

Yana ɗan shekara 57, lokacin da tsararrakinsa ke tunanin hutu, ya tafi PSV Eindhoven, inda ya ci gasar Holan sau biyu a jere, 1991 da 1992, tare da Romário. Daga nan sai Sporting ta Lisbon. Da yake ba ya jin yaren Fotugal, aka haɗa shi da wani matashi tafinta mai suna José Mourinho. Robson ya lura yaron ya san ƙwallo, sai ya ja shi jiki yana ba shi aikin nazarin abokan karawa. Sporting ta kori Robson a Disambar 1993 alhali ita ke jan ragamar teburi. Porto ta ɗauke shi, ya doke Sporting ɗin a wasan ƙarshe na kofin ƙasar a 1994, ya kuma ci gasar a 1995 da 1996.

A 1996 ya koma Barcelona tare da Mourinho. Shi ya nace aka sayo Ronaldo na Brazil daga PSV, wanda ya zura ƙwallo 47 a kakar. Sun ɗauki kofi uku: Super Cup na Sifaniya, Copa del Rey da Cup Winners' Cup na Turai. Duk da haka, bayan shekara ɗaya aka ba Louis van Gaal kujerarsa. Ya sake riƙe PSV a kakar 1998–99.

Alaƙarsa da Najeriya

A lokacinsa ne Barcelona ta ɗauki Emmanuel Amunike daga Sporting, watanni kaɗan bayan ya ci ƙwallon da ta ba Najeriya zinare a gasar Olamfik ta Atlanta. A Newcastle kuwa, Robson ne ya fara sa Shola Ameobi, haifaffen Zariya, a babbar ƙungiya a shekarar 2000. Ameobi ya buga wa Najeriya Kofin Duniya na 2014. Haka kuma Mourinho, wanda ake musu a kansa a gidajen kallon ƙwallo daga Lafiya har Kano, a hannun Robson ya samu horonsa na farko a manyan ƙungiyoyi.

Komawa gida da rasuwa

Ya karɓi Newcastle a Satumbar 1999 tana ƙasan teburin Firimiya. A wasansa na farko a gida ta lallasa Sheffield Wednesday da ci 8–0. Ya kai ta matsayi na huɗu a 2002, na uku a 2003, kafin a sallame shi a Agustan 2004. An ba shi lambar girma ta Sir a 2002.

Sau biyar ana samunsa da ciwon daji. A 2008 ya kafa gidauniyar da ke ɗauke da sunansa don tallafa wa binciken maganin cutar. Ya rasu ranar 31 ga Yulin 2009 yana da shekara 76. An kafa mutum-mutuminsa a filayen wasan Ipswich da Newcastle, gidauniyar kuma tana ci gaba da aiki a birnin Newcastle.