Tanti a Yola da Jimeta: Yadda Ake Kafa Shi, a Ɗaure Shi, a Kula da Shi

Tanti ɗaki ne na yadi ko tamfol wanda ake ɗagawa a kan sanduna, a riƙe shi da igiyoyi da turaku, ta yadda za a iya kwance shi a naɗe a kai wani wuri. Mahajjata sun san shi a Mina da Arfa, sojoji sun san shi a bakin daga, a Turai da Amurka kuwa akasari kayan yawon shaƙatawa ne da ake kwana biyu ko uku a ciki. A Yola da Jimeta larura ce ta sa mafi yawan jama'a suka san shi.

Bayan garin Mubi ya faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen Oktoban 2014, dubban mutane daga Mubi da Michika da Madagali da kudancin Borno suka kwararo babban birnin Jihar Adamawa. Mafi yawansu 'yan uwa da masu tausayi ne suka sauke su a gidaje, sauran kuma aka tsugunar da su a sansanoni, irin na masu yi wa ƙasa hidima da ke Damare da na Malkohi, daga baya da na Fufore. A unguwar Luggere, babbar majami'ar Katolika ta St. Theresa ta buɗe harabarta ga masu gudun hijira, kuma wasu iyalai sun yi shekaru a wurin kafin a gina musu gidaje 86 a Sangere-Marghi da ke ƙaramar hukumar Girei a 2021, ƙarƙashin jagorancin Bishop Stephen Dami Mamza. Ambaliyar Kogin Binuwai, irin ta 2012 da ta 2022, ita ma takan mayar da mazauna bakin ruwa ƙarƙashin tamfol.

Matsalar a nan ita ce an yi tanti ne don zaman ɗan lokaci, amma zaman yakan tsawaita. Tantin iyali da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHCR, ke rabawa an tsara shi ne don mutum biyar. Faɗin tsakiyarsa murabba'in mita 16 ne, da ƙananan zauruka biyu a gaba da baya, nauyinsa kimanin kilo 55, kuma abin da ake sa ran zai yi shi ne aƙalla shekara ɗaya. Ko ya kai hakan ko ya yage tun daminar farko, ya danganta ne da wurin da aka kafa shi, da yadda aka ɗaure shi, da kuma yawan lokacin da aka bar shi a jiƙe.

Zaɓen wuri

Kuskuren da ba ya gyaruwa sai an tuge tanti gaba ɗaya shi ne kuskuren wuri. Fili shimfiɗaɗɗe yakan ja hankali da rani, amma da damina tafki ne. Ƙa'idojin aikin agaji sun fi son ƙasa mai ɗan gangare, daga kashi 1 zuwa 5 cikin 100, yadda ruwa zai wuce ba tare da ya zaizaye ƙasa ba. A yankunan da ke kusa da Binuwai akwai baƙar laka wadda ke tsattsagewa da rani ta kumbura da damina, kuma tana riƙe ruwa kwanaki. In ba wani zaɓi sai ita, sai a tada daɓe da jar ƙasa ko tsakuwa ya ɗara kewayensa tsawo kafin a shimfiɗa komai.

Inuwa ma tana da nata tarkon. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola yakan haura digiri 40, don haka kowa na son gindin darbejiya ko mangwaro. Sai dai reshen da ya ba da inuwa a Afrilu shi iska ke karyowa a Mayu. Ya fi kyau tanti ya kasance inda inuwa za ta riske shi da rana tsaka zuwa la'asar, ba daidai ƙarƙashin manyan rassa ba. A kuma nisanci suri, saboda gara na cin sandar itace da yadin auduga, a share duwatsu da tarkace inda kunama ke fakewa.

Maginan gargajiya sun daɗe da sanin cewa bangon gabas ne ruwa ya fi duka, domin daga can hadari ke tasowa a wannan yanki, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take kaɗowa. Saboda haka ba a fuskantar da ƙofar tanti gabas. Iskar da ta samu ƙofa a buɗe takan cika shi kamar balan-balan ta ɗaga shi daga ciki.

Kafawa

Aikin ya fi sauƙi da mutum uku ko huɗu, kuma da sassafe kafin iska ta tashi. Ana shimfiɗa yadin a ƙasa, a rufe duk ƙofofinsa, a kafa turakun kusurwoyi huɗu tukuna, sannan a shigar da sanduna a ɗaga. Rufe ƙofa kafin ɗauri ƙaramin abu ne da ake yawan mantawa. Wanda ya ja igiya ƙofa a buɗe zai tarar daga baya zif ko maɗaurin ba ya haɗuwa, in ya tilasta kuma ya yage. A ƙasa mai laushi ana sa ɗan katako ko faffaɗan dutse ƙarƙashin kowace sanda don kada ta nutse. Ledar da aka shimfiɗa a daɓe kada ta leƙo waje, domin duk ruwan da ya gangaro daga rufi za ta tara shi ta shigar ƙarƙashin tabarma.

Turke da igiya

Ƙarfin tanti yana ƙasa ne, ba a sama ba. Sanduna ɗaga yadi kawai suke yi, turaku da igiyoyi ne ke kokawa da iska. Ana kafa turke a karkace, kansa na kallon nesa da tanti, kimanin digiri 45, yadda igiya za ta ja shi a gicciye ba ta zare shi kamar ƙusa ba. Kowace igiya ta bi layin ɗinkin da ta fito daga gare shi, kuma a riƙa ɗaure su biyu-biyu, ta dama da kishiyarta ta hagu, don kada sanda ta langaɓe gefe guda.

Siririn turken ƙarfe da ke zuwa cikin buhun tanti yana aiki a ƙasa mai tauri, amma a rairayi ko lakar da ta sha ruwa ba ya riƙe komai. Dabarar da aka fi dogara da ita a irin wannan ƙasa ita ce binne maɗauri: a ɗaura igiya a tsakiyar guntun itace, ko a wuyan buhun da aka cika da yashi, a haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya ko fiye, a kwantar da shi a gicciye, a mayar da ƙasa a daddaɓe. Kafin iska ta zare shi sai ta ɗaga dukan ƙasar da ke kansa. Wasu kan sa zaren robar tif ɗin mota tsakanin igiya da turke, wanda ke shanye fizgar iska maimakon ɗinki ya sha ta. Dabara ce mai araha, kuma ta fi ƙara tamke igiya amfani.

Tamkewa fiye da kima ma illa ce. Yadin auduga da igiyar rama sukan tsuke idan sun jiƙe, don haka tantin da aka ɗaure tamau da rana zai iya tuge turakunsa ko ya tsage a ɗinki cikin dare ɗaya na ruwa. Irin wannan ana ɗan sassauta masa idan hadari ya haɗo, a sake ja bayan ya bushe. Yadin nailan na ƙananan tantunan tafiya kuwa saki yake yi idan ya jiƙe, shi ƙarin ja yake buƙata. A kewaye tanti da ƙaramar kwata daidai inda ruwan rufi ke sauka, a ba ta mafita ta gangare, ba zuwa ƙofar maƙwabci ba.

Iyalai da yawa ba cikakken tanti suke samu ba, tamfol ne mai mita 4 da 5 ko 4 da 6, su kuma nemo dirkoki da gora. Tamfol daga wurin ƙusa yake fara yagewa. Ana magance haka ta hanyar danne shi da siririn katako, ko sa murfin kwalba ko guntun taya a kan ƙusa. In zoben gefe ya fita, sai a ƙunshe dutse mai santsi a kusurwar a ɗaure igiya a wuyansa. Rufin ya samu gangare sosai, domin tamfol ɗin da ya yi kwari yakan tara ruwan da zai karya gorar da ke ɗauke da shi.

Rana, danshi da wuta

Rana ce ke kashe tamfol a hankali: yakan dushe, ya bushe, ya fara ɓarɓashi. Rumfar zana ko ta kara da aka ɗaga sama da rufi, da ɗan sarari a tsakani don iska ta ratsa, tana rage zafin ciki tana kuma ƙara wa yadin kwana. Ɗigon da ake gani a cikin rufi da asuba sau da yawa ba yoyo ba ne, tururin numfashi ne da ya rasa mafita, maganinsa kuma buɗe tagogin sama. A guji jingina kaya da jikin yadin auduga lokacin ruwa, domin inda aka taɓa nan ruwa ke ratsowa.

Wuta kuwa ba ta ba da lokaci. Gobarar Mina ta Afrilun 1997 ta hallaka mahajjata fiye da 300, kuma bayanta ne Saudiyya ta koma tantunan da ba sa kama wuta. Na sansanonin gudun hijira ba irin su ba ne, kuma gobarar da ta tashi a wani sansani a Ngala, Jihar Borno, a Afrilun 2020 ta ci rayuka 14. Ƙa'idar UNHCR ita ce a bar aƙalla mita 2 tsakanin ɗaki da ɗaki, in da hali ninki biyu na tsawonsu, a kuma bar fili mai faɗin mita 30 bayan kowace mita 300. Inda wuri ya yi kaɗan wannan tazara ce ake fara cinyewa da zana da madafa. Murhu da kyandir da maganin sauro na kunnawa ba su da wuri a jikin yadi. Kaskon gawayi da ake shigarwa da hunturu yana fitar da iskar guba marar wari, wadda ke kashe masu barci a rufaffen tanti ko da wuta ba ta tashi ba.

Ƙura da kashin tsuntsu ana kakkaɓe su da tsintsiya mai laushi, a wanke da ruwa zalla, domin omo da bilic suna cire maganin da ke hana ruwa ratsa yadi. Ƙaramar yaga ana ɗinke ta a ranar, a ɗora faci daga waje. Idan za a ajiye tanti, sai ya bushe ƙayau, har igiyoyi da gefen da ke taɓa ƙasa, saboda wanda aka naɗe da danshi yakan yi fumfuna cikin 'yan kwanaki, zarensa ya ruɓe. Turaku da sanduna a buhu dabam ake sa su, a ɗora ƙunshin a kan katako nesa da bango, inda ɓera da gara ba za su kai gare shi ba.