Mulkin Da Ba A Amince Da Shi Ba

A cikin shekarar 1893 Allah ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Bello rasuwa. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ba da umurni a naɗa ɗansa Tukur, Waziri Buhari kuwa ya zartar. Amma Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi ya ƙi yin mubaya'a. Ya fita birni da 'yan'uwansa da barorinsu, suka sauka Takai. Daga can suka yi ta cin garuruwan gabas, har Gaya, wadda suka ci da yaƙi.

To, mu mutanen Gaya da Ajingi, mu dubi halin da kakanninmu suka shiga. Ga Sarki a birni mai takardar Sakkwato, ga kuma mai iko a Takai wanda dawakinsa ke bakin ƙofa. Talaka wa zai bi? Wa zai ba haraji?

Wannan tambaya ita ce har yau ke damun masana dokar da ke tsakanin ƙasashen duniya. A shekarar 1933 ƙasashen nahiyar Amurka suka yi yarjejeniya a birnin Montevideo, suka ce sharuɗɗan zama ƙasa huɗu ne: jama'a zaunannu, da iyaka sananniya, da gwamnati, da ikon yin hulɗa da sauran ƙasashe. Waɗansu masana suka ce in an cika waɗannan, shi ke nan. Waɗansu kuwa suka ce sai sauran ƙasashe sun amince tukuna.

Ga misali. Biyafara ta ɓalle daga Nijeriya a 1967, ta yi sojoji, ta buga kuɗinta, amma ƙasashe biyar kaɗai suka amince da ita, watau Tanzaniya, da Gabon, da Kodebuwa, da Zambiya, da Haiti. Ba ta sami kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya ba, har ta faɗi a 1970. Dalili kuwa, tun 1964 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Alƙahira za su kiyaye iyakokin da suka gāda. Amma Bangaladash ta ɓalle daga Pakistan a 1971, ta yi nasara, aka karɓe ta a Majalisa a 1974.

Yusufawa dai gadon sarautar Kano suka nema, ba su ce za su kafa wata ƙasa dabam ba. Duk da haka ƙarshen labarinsu ya yi kama da wannan. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, aka naɗa ƙanensa Aliyu Babba, ya ci birni a wannan shekara. Tukur ya fita, ya rasa ransa a 1895. Da Sakkwato ta ga yadda al'amari ya tabbata, sai ta amince da Aliyu, ya yi sarauta har 1903.

Ashe takobi ya kan ba da iko, amma halacci sai da yardar waɗansu, yardar nan kuwa sau da yawa sai ƙura ta lafa ta kan zo. Kafin ta zo, talaka ke shan wuya. Saboda haka ne yarjejeniyar Janiba ta 1949 ta ɗora wa kowane ɓangare a yaƙin basasa, ko an amince da shi ko ba a amince ba, wajibcin tausaya wa wanda bai ɗauki makami ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.