Siffar Shehu a Alƙalamin Ƙanensa: Dabarun Malam Abdullahi na Bayyana Hali

Gabatarwa

Marubucin da ya ɗauki alƙalami don ba da labarin wanda yake ƙauna yana cikin tsaka mai wuya. In ya cika yabo, a ce son zuciya ne; in ya tsaya ga jera shekaru, mai karatu ya rufe littafi bai san mutumin ba. Wannan maƙala za ta duba yadda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai Gwandu, wanda ya rasu a 1829, ya fita daga wannan matsala wajen siffanta wansa kuma malaminsa, Shehu Usmanu (1754-1817). Shi ne aka danƙa wa yammacin daular Usmaniyya a 1812, kuma masarautar Gwandu a yau ta kai har Lolo ta ƙasar Bagudo, a kan iyakar Benin. Littattafansa biyu za mu dogara a kansu, watau Ida'un Nusukhi (1812), inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu, da Tazyinul Waraƙati (1813), inda ya tara waƙoƙinsa na Larabci tare da bayanin dalilin kowace.

Hali ta Hanyar Malamai

A cikin Ida'u, Malam Abdullahi ya ce yana ɗan shekara 13 mahaifinsu ya miƙa shi ga Shehu, sa'an nan ya jera littattafan da ya karanta a gabansa, irin su Ishiriniya da Ajurumiya da Risala. Jerin da kansa shaida ne na zurfin ilmin malamin, ba tare da an furta kalmar yabo ba. Da ya zo ga ɗabi'a kuwa, sai ya bi ta kan malaman Shehu. Ya nuna cewa Shehu ya zauna kimanin shekara biyu tare da Malam Usmanu Binduri, har ya ɗauki halinsa na tsoron Allah da horo da kyakkyawa da hani ga mummuna. Haka kuma ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, amma da malamin ya nufi aikin hajji sai Shehu ya komo gida, domin mahaifinsa bai yi masa izini ba. Wannan ɗan bayani ya isa ya nuna biyayyar Shehu ga iyaye fiye da dogon kirari.

Hali ta Hanyar Aiki

Dabara ta biyu ita ce ɗauko wani al'amari guda a bar shi ya yi magana. Alal misali, a cikin Tazyinu akwai labarin Magami, wajen 1788, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ranar babbar salla ya ba su dukiya mai yawa. Shehu ya miƙe ya ce shi da jama'arsa ba su da bukatarta, ya roƙi a maimakonta waɗansu abubuwa da suka shafi tsayar da addini. Malam Abdullahi bai tsawaita ba, bai kuma yi wa labarin ado ba. In aka kwatanta da Raudul Jinani na Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda aka rubuta bayan rasuwar Shehu, za a ga bambanci: Giɗaɗo ya fi ba da ƙarfi ga karamomi, shi kuwa Malam Abdullahi ya fi tsayawa ga abin da mutum ya zaɓa da hankalinsa a gaban jama'a.

Haka nan labarin Malam Mustafa Gwani, wanda ya soki haɗuwar maza da mata a wurin wa'azin Shehu. Shehu ya umarci ƙanensa ya mayar da jawabi da waƙa. A nan mun ga jagora mai tsayawa a kan ilmin mata, mai kuma sanin gwanintar almajirinsa.

Hali ta Hanyar Gwadawa

Dabara ta uku ta fi sauran nauyi. A cikin littafin nan dai, bayan marsiyyoyin waɗanda suka faɗi a Tsuntsuwa (1804) da Alwasa (1805), marubucin ya koka da waɗanda suka rage, yadda suka karkata ga mulki da dawaki da tara dukiya. Takaicin haka ne ya sa ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar hajji, har ya tsaya a Kano ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, kafin ya komo. Mai karatu da ya riga ya ga Shehu yana ƙin dukiyar Bawa ba ya bukatar a gaya masa da wane ma'auni ake auna mutanen nan. Ke nan siffar Shehu a littafin ta zama jan kunne ga mabiyansa, tun yana raye a Sifawa.

Kammalawa

Tun da Mervyn Hiskett ya buga waɗannan littattafai da fassarar Ingilishi, a 1957 da 1963, masana tarihi ke ɗibar shekaru da sunayen wurare daga cikinsu. Abin lura shi ne, marubucin ya zaɓi abin da zai faɗa, ya kuma zaɓi inda zai ajiye shi. An san cewa 'yan'uwan biyu sun sha bamban a kan waɗansu mas'aloli, kamar laƙabin sarauta da tufafin ado da kiɗa, kuma sai an nemi wannan saɓani a littattafansu na fiƙihu. Don haka ya kamata ɗalibin tarihi ya karanta Tazyinu da idon manazarcin adabi, yana tambayar dalilin da ya sa wannan labari ya gabaci wancan. Ta haka ne zai fahimci Shehu, ya kuma fahimci ƙanen da ya zana shi.