Tarihin Dalar Azurfa Mai Launin Bakan Gizo

Kowa ya san halin azurfa. In mace ta ajiye munduwarta cikin adaka ta manta da ita shekara guda, ran da ta ɗauko sai ta tarar ta dushe, har ta fara baƙi. Nan da nan sai ta nemi toka da lemun tsami ta goge, ko kuwa ta kai wa maƙerin farfaru ya wanke mata. To, amma a ƙasar Amurka akwai waɗansu mutane da wannan dushewa su ke nema ruwa a jallo. Sha'awarsu ita ce tara tsofaffin dalolin azurfa waɗanda daɗewa a ajiye ta rine, suka yi launi iri iri kamar bakan gizo. Wanda bai san asalin abin ba sai ya ce wauta ce. Saboda haka bari mu ɗauko labarin tun daga tushe, gama akwai abin lura a ciki.

Da fari dai, kalman nan dala baƙuwa ce. Wajen shekara ta 1520 aka fara buga waɗansu manyan kuɗi na azurfa a wani kwari cikin Bohemiya, wadda yanzu ta ke cikin ƙasar Cek. Jamusawa suka riƙa ce wa kuɗin tala, sunan ya yi ta bin bakunan mutane har ya zama dala. Liyarin nan da kakanninmu suka sani, mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, cikin zuriyan nan ya ke. Fatake ne suka riƙa ƙetaro da shi hamada zuwa Barno da Kano. Sa'ad da Bature Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya sauka Kano cikin 1851, ya tarar dala guda ta azurfa tana canjin wuri 2,500. Amma wadda za mu ba da labarinta ƙanwarta ce, haifaffiyar Amurka.

Cikin shekara ta 1859 aka gano azurfa mai yawan gaske a duwatsun Nebada, can yammacin Amurka. Aka yi ta haƙa, har kaya suka fi masu saye yawa. Ana nan kuma sai Jamus ta koma ga kuɗin zinariya, Amurka ita ma cikin 1873 ta daina buga dalar azurfa ta kashewa. Sai darajar azurfa ta yi ta faɗuwa. Masu ramukan haƙa suka tsaya wa Majalisar Dokoki a wuya, manoma waɗanda bashi ya yi wa katutu suka goya musu baya, don suna ganin in kuɗi ya yawaita biyan bashi zai yi sauƙi. Cikin 1878 aka kafa wata doka wadda a ke kira da sunan wakilai biyu, Bland da Allison. Shugaban ƙasa Hayes ya ƙi sa hannu, amma Majalisa ta rinjaye shi. Dokar ta tilasta wa Baitulmali ya sayi azurfa ta dala miliyan 2 zuwa miliyan 4 kowane wata, ya buga daloli da ita.

Wanda ya zana kuɗin wani mutumin Ingila ne, George Morgan, shi ya sa har yau a ke ce mata dalar Morgan. A fuska ɗaya ya sa kan mace, watau alamar 'yanci, a ɗayar kuwa mikiya ta buɗe fukafukai. Nauyin kowace dala giram 26.73 ne, kashi 9 cikin 10 azurfa, sauran kashi 1 jan ƙarfe don ta yi ƙwari. Aka shiga bugawa a Filadelfiya, da San Faransisko, da Niyu Olins, da wani ɗan gari na Nebada mai suna Kasin Siti. In ban da Filadelfiya, kowane gidan buga kuɗi yana sa harafinsa ƙarƙashin mikiya: S, ko O, ko CC.

To, ga kuɗi an buga, sai dai ba masu so. Mutanen biranen gabas suka ce nauyi gare ta, goma kaɗai sun isa su yaga aljihu. Suka fi son takardar kuɗi wadda Baitulmali ya ke bayarwa maimakonta. Sai ma'aikata suka riƙa ƙirga dalolin dubu dubu, suna zubawa cikin jakunkuna na ƙyalle mai kauri, kamar yadda a da a ke ɗaure fam 100 na suloli a ce jaka guda. Aka yi ta jibga jakunkunan cikin taskoki na ƙarƙashin ƙasa. Cikin 1904 azurfar da aka saya ta ƙare, aka tsai da aiki. Cikin 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila ta matsu da azurfa don kuɗin Indiya, Amurka ta narkar da daloli fiye da miliyan 270, ta sayar mata da mafi yawan azurfar. Cikin 1921 aka sake buga dalar Morgan shekara ɗaya tak. Duk da wannan narkewa, miliyoyi suka saura a ɗaure, ba hannun da ya taɓa su.

A cikin duhun nan ne abin mamaki ya auku. Akwai wani abu da mu ke kira farar wuta, ko ƙibiritu. Ana samun ɗan kaɗan nasa cikin iska, da cikin ƙyallen jakunkunan nan. In tururinsa ya gamu da azurfa sai ya yi mata wata 'yar yana a bisa, wadda sirantarta ta wuce misali, don gashin kai ya fi ta kauri sau ɗari ko fiye. Ita yanar ba rini ba ce. Abin da ke faruwa shi ne, in haske ya faɗa kanta, wani sashi ya kan komo daga bisan yanar, wani kuwa ya kan ratsa ta ya bugi azurfa, sa'an nan ya komo. In biyun nan suka gamu sai su kashe wani launi, su ƙarfafa wani. Mai karatu ya sha ganin irin wannan a wuyan tantabara, ko kuwa inda man mota ya ɗiga cikin ruwan kududdufi.

Kaurin yanar shi ke zaɓen launi. In tana sabuwa sai a ga ruwan zinariya. In ta ƙara kauri sai ruwan goro, sa'an nan shunayya, sa'an nan shuɗi. Daga nan sai launukan su sake zagayowa, da rawaya da ja da tsanwa. In kuwa abin ya yi yawa sai dalar ta yi baƙi ƙirin, kyau ya tafi ke nan. Ba kuma kowace dala ke samun rabo ba. Waɗanda ke tsakiyar jaka farare su kan fito, sai wadda ta jingina da ƙyalle ita ke rinuwa, yawanci ma fuska ɗaya. Wata har saƙar ƙyallen ta kan fito a jikinta ɗigo ɗigo. In wata dala ta rufe rabin 'yar'uwarta, sai launin ya fito kamar jinjirin wata. Takarda ma tana yin irin wannan aiki: dalar da aka daɗe da sa wa cikin littafin kwali na masu tara kuɗi ta kan yi zobe zobe tun daga baki zuwa tsakiya.

Jakunkunan nan sun yi ta kwana har wajen 1962, sa'ad da aka buɗe wata taska a Filadelfiya don masu neman daloli na kyautar Kirsimeti. A lokacin nan dalar 1903 mai harafin O ita ce a ke ganin ta fi wuyar samu, sabuwarta har dala 1,500 a ke yi mata kuɗi. Kwaram sai ga ta jaka jaka! Kafin a daɗe kuɗinta ya faɗi, ko dala 50 bai kai ba. Ga shi kuma azurfa ta fara tsada. Mutane suka yi dafifi a ƙofar Baitulmali a Washinton, kowa na ba da takarda yana karɓar azurfa, waɗansu har da baro su ke turawa. Cikin watan Maris 1964 Gwamnati ta hana fitar da su. Da aka duba abin da ya rage sai aka tarar kusan miliyan 3 ne, yawancinsu masu CC. Aka sayar da su ga jama'a tsakanin 1972 da 1980.

Ga inda abin dariya ya ke. A zamanin nan farar dala a ke so. Dillalai da yawa in sun sami mai launi sai su tsoma ta cikin ruwan magani, ta fito fes. Ko ma'aikatan Gwamnati da suka tantance dalolin CC sun ware masu dushewa gefe, suka haɗa su da masu ƙwarzane, aka sayar da araha. Sannu a hankali idon mutane ya buɗe. Suka lura farare suna da yawa, kuma kowace kamar 'yar'uwarta, amma masu launi kaɗan ne, ba kuwa biyu da suka yi daidai. Sa'an nan wanki yana cinye ƙyallin asali na gidan buga kuɗi, wanda ba ya komowa har abada. Sai ciniki ya juya. Dalar 1881 mai harafin S, alal misali, ba ta da wuyar samu, amma wadda launinta ya yi kyau ainun ta kan ninka farar 'yar'uwarta sau goma ko fiye a wajen gwanjo.

Duk inda riba ta ke kuwa, ba a rasa macuta. Waɗansu suka shiga rina daloli da gangan: wani ya turara da farar wuta, wani ya rufe cikin tukunya da dafaffen ƙwai, wani ya gasa a wuta. Abin da shekara 60 ta yi, su suna so su yi shi a yini guda. Amma masana suna da alamu. Launin gaskiya yana bin jerin nan da muka faɗa daki daki, yana shiga juna sannu sannu, ƙyallin azurfa kuma yana haskowa daga ƙarƙashinsa. Sau da yawa a kan ga ɗan farin wuri a gefen haruffa da taurari, inda ƙarfen ya ja sa'ad da aka buga shi. Na jabu kuwa ya kan zauna a bisa kamar an shafa fenti, dabbare dabbare. Saboda irin wannan rikici aka kafa kamfanoni masu duba kuɗi, PCGS cikin 1986, da NGC cikin 1987. Su kan ba kowace dala maki daga 1 zuwa 70, su rufe ta cikin 'yar batta mai kama da gilashi. Wadda suka yi shakkar launinta ba su ba ta maki. Ko su ma wani lokaci su kan saɓa wa juna, don haka mai saye ba shi da abin dogara kamar idonsa da iliminsa.

To, jama'a, kun ji yadda kuɗin da aka buga don a faranta wa masu ramukan haƙa rai, aka kuma yasar cikin duhu, ya komo abin nema. Abin da masu tara su ke biya ba azurfa ba ce kaɗai, shekarun da suka wuce ta kanta ne, su kuwa shekaru ba maƙerin da ya iya ƙera su. Da tsohuwar zuma a ke magani. Saboda haka wanda ya gaji tsohon liyari ko sulen azurfa cikin kayan kakarsa, kada ya yi garajen kai masa toka da tsamiya. Ya riƙe shi ta baki baki, kada yatsa ya taɓa fuskarsa, ya ajiye shi wuri busasshe nesa da hayaƙi da danƙo, sa'an nan ya nemi wanda ya sani ya duba masa. Ba kowane tsohon kuɗi ke da tsada ba, liyari ma an yi ta buga shi da shekaran nan ɗaya, 1780, har zamaninmu. Amma mai tsada da marar tsada, in an goge an goge ke nan, sai dai a ce da na sani, ita kuwa ƙeya ce.